Keke da Gaisuwar Dattawa a Hanyar Indabo

Duk wanda na shaida wa niyyata a makon da na sauka Wudil, amsarsa ɗaya ce: ba a taɓa yi ba, kuma ba a kaina za a fara ba. Maigidan da ya ba ni ɗaki a Sabon Gari ya ce mutum ba ya kwana a Wudil ya yi aikin safe a ƙasar Indabo, sai fa in da aljanu yake tafiya. Akawun da na kai wa takardar kama aiki ya ce malamin da na gada ƙato ne, ɗan ƙasa, ya san kowane lungu, amma damina guda ta kore shi. Da na ambaci keke kuwa, wani mai goro da ke sauraronmu ya yi dariya har ya dafe hularsa, ya ce, "Haba Malam! Yashin hanyar nan, jaki ma sai ya tsaya ya yi shawara."

Ni Bakabe ne, haifaffen wani gari na bakin gulbi a ƙasar Argungu. Na gama Midil, na yi horon malanta, aka turo ni ƙasar Kano a tsakiyar shekarun hamsin, tun Turawa na nan, domin in riƙe aji ɗaya tak da aka buɗe a wani ƙauye gaba da Indabo. Ban san kowa ba a duk faɗin ƙasar. Da na buɗe baki a kasuwa sai a juyo a dube ni, wani ya maimaita abin da na faɗa da irin harshenmu na yamma, jama'a su ƙyalƙyace.

Abin da ya hana ni tarewa a ƙauyen shi ne iyalina. Tana da juna biyu, cikin farko ya zube mana tun a gida, wannan kuma ya zo mata da kumburin ƙafa. Malamin asibitin Wudil ya duba ta, ya ce kada a kai ta inda ba zai iya ganinta ba. Ba ta da uwa a kusa, ba ta da ƙanwa, sai ni. Saboda haka dole in kwana a Wudil, dole kuma in wayi gari a gaban allo.

Ajin nan rumfar zana ce a bayan gidan mai gari. Iyaye sun ba da 'ya'yansu ne bisa sharaɗi: za su turo su da fitowar rana, amma in hantsi ya dubi ludayi malam bai zo ba, kowa ya kama hanyar gona ko kiwon awaki. Ba zan zarge su ba. Damina ce, hannu ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ne. Na gwada zuwa a ƙafa, kullum sai in tarar da rumfa da tabarmi da kaji. Mai duba makarantu, wani dattijo marar yawan magana, ya zo ya tarar da abin da nake tararwa. Ya ce zai komo bayan Sallah. In ya sake samun rumfa wayam, za a rufe ajin, ni kuma a mai da ni inda na fito.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na ratsa ta karar shanu na je inda ake dillancin kekuna. Ban taɓa hawa keke ba a rayuwata. A garinmu jirgi muke tuƙawa. Wani dillali mai zaƙin baki ya kama hannuna kamar mun yi shekaru da sabawa, ya nuna mini wani baƙin keke yana walƙiya, ya ce wani Bature ne ya bar shi zai tafi gida. Ya ce in matsa tayar in ji. Na matsa, na ji ta tauri kamar dutse, na ɗauka alamar lafiya ke nan. Na biya, na turo abina har Sabon Gari, ina tafe ina amsa barka.

Kusa da gidanmu akwai mai gyaran keke, Saja Garba, tsohon soja da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo da ɗingishi da bakin barkwanci. Ya karɓi keken, ya ɗaga shi, ya kaɗa kai, ya sa ƙarfe ya ɓamɓare taya. Sai ga tsummoki da busasshiyar ciyawa suna fitowa.

"Bakabe," ya ce, "wa ya sayar maka da katifa? Madalla da wannan ciniki. In ka gaji a hanya sai ka kwanta a kai."

Na ce zan koma in nemi dillalin.

"Ya kai Gaya yanzu. Zauna. Ƙarfen dai mai kyau ne, ɓarawon bai san abin da ya sayar ba."

Ya sa mini robar ciki daga cikin tsofaffin da ya tara, ya gyara birki, ya ɗaure sarƙa, ya ɗaura mini ƙararrawa. Da na tambayi ladansa sai ya harare ni, ya ce in bari sai ranar da na kai Indabo ban faɗi ba, ya san ba zai karɓi komai ba ke nan har tashin duniya.

Shi ne ya koya mini hawa, a wani fili kusa da kogi, bayan la'asar. Ina magidanci, ina malami, mata masu ɗiban ruwa suna sauke tuluna domin su kalle ni. Faɗuwar farko, babbar rigata ce ta shige cikin sarƙa ta fizgo ni ƙasa.

"Cire rigar nan," in ji Saja.

Na ce malami ba ya shiga aji da 'yar shara.

"To, ai shi ke nan, sai mu binne ka da ita. Zo nan."

Ya naɗe mini hannuwan rigar bisa kafaɗu, ya tattare gindinta ya cusa a ƙugu, ya ce haka hafsoshi ke yi wa alkyabbar ruwa. Ya riƙe sirdi yana bina da ɗingishinsa yana ihu, "Kada ka dubi ƙafarka, ba za ta gudu ta bar ka ba! Dubi inda za ka! Tuƙa, ɗan masu jirgi, tuƙa!" Ban san lokacin da ya saki ba. Na dai ji muryarsa ta yi nisa, iska tana cika mini riga, sai na ga kogi yana tafiya tare da ni. Tun da na baro gida ban ji zuciyata ta yi sanyi irin na wannan yammacin ba. Wani masunci da ya ga abin daga cikin jirginsa ya fito ya miƙo mini kifi a tsinke, ya ce in kai wa mai ciki, ya ji an ce mu mutanen ruwa ne. Iyalina ta dafa shi irin dahuwar gida, ta ci tana hawaye.

Saja ya koya mini tafiya. Sauka kuwa, ya ce hanya za ta koya mini.

Hanyar tana da mazaunin dattawa uku. Na farko a ƙofar wani masallaci, inda suke zama bayan asuba har rana ta ɗaga. Na biyu a gindin tsamiya, wajen masu tufkar igiya. Na uku a ƙofar gidan wani tsoho da ake kira Baba Falke, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja tun da ƙuruciya, kuma ya girme kowa a wannan yanki. Duka ukun a bakin yashi suke, inda in ka tsaya ba ka sake tashi sai ka tura keke da nisa.

Safiyar farko na fito bayan salla, Allah ya taimake ni, an yi yayyafi yashi ya kwanta. Da na hango dattawan masallaci na yi niyyar sauka, amma ban san yadda ake yi ba sai ta hanyar faɗuwa, ban kuwa ga ya dace malamin 'ya'yansu ya zube a gabansu ba. Na ɗaga murya na yi sallama daga kan sirdi, na kaɗa ƙararrawa, na wuce. Haka na yi a tsamiya, haka a ƙofar Baba Falke. Na isa rumfa rana ba ta gama fitowa ba. Yara suka zo suka same ni ina jiransu, muka yi karatu har azahar. Na koma gida ina jin babu kamata a ƙasar Kano.

Kashegari na isa da wuri kamar jiya, na tarar da rabin aji. Rana ta uku, 'yan ƙalilan. Limamin ƙauyen, mutum mai sauƙin kai, ya kira ni zaurensa.

"Malam, a ƙasarku haka yaro ke gai da iyaye, yana bisa suna ƙasa, yana kaɗa musu ƙarfe kamar awaki?"

Na ce ba haka ba ne, na bayyana masa dalili.

"Na yarda. Amma magana ta riga ka isowa. Cewa ake yi, wanda bai sauka wa Baba Falke ba, me zai koya wa ɗa in ba raini ba? A nan, ko mai gari in ya zo ƙofar tsohon nan a kan doki, sai ya sauka."

A yammacin na sa Saja ya koya mini sauka har sai da ƙafata ta san ƙasa. Da gari ya waye na sauka a ƙofar masallaci, na jingine keke, na warware riga, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Gaisuwar mutanen nan kuwa ba a gaggauta ta. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, ina baƙunta, yaya ruwa, ruwa ya yi gyara. In ka gama da na farko sai na biyu ya ɗauko daga tushe. Sa'an nan a tambaye ka ko gaskiya ne a ƙasarku shinkafa ake ci kullum. Ba da mugunta suke yi ba. Girmama ni suke yi, sun karɓe ni. Sai in tashi, in sa takalmi, in sake naɗe riga, in tura keke in fita daga yashi, in hau, kafin numfashina ya daidaita ga tsamiya.

Iyaye suka huce, suka dawo da 'ya'yansu, amma yanzu ni ne ba na isa. In na sauka, yara sun watse kafin in zo. In ban sauka ba, ba za a turo su ba. Na roƙi iyayen a ƙara mini lokaci, suka ce ciyawa ba ta jiran kowa. Na gwada fita tun kafin asuba, iyalina ta riƙe rigata, ta ce ba za ta zauna ita kaɗai cikin duhu a garin da ba ta san kowa ba, kuma ita ke da gaskiya. Na gwada ratsawa ta bayan gari, ta wata 'yar turba tsakanin gonaki, tsidau ya huda mini tayoyi gaba da baya, na isa ina saɓe da keken a kafaɗa, wani manomi yana bina da faɗa don na taka masa gyaɗa.

Roƙon dattawan su yafe mini gaisuwa kuwa, ban ko kawo shi a zuci ba. Ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba.

Ana gab da hutun Sallah, ina dawowa da la'asar, taya ta sace a daidai ƙofar Baba Falke. Na gaishe shi, na nemi izini, na zauna gefe na fito da faci da famfo. Yana zaune bisa buzunsa, dogo ne siriri, gemunsa fari fat, idonsa ɗaya ya yi hazo. Ya sa aka kawo mini fura a ƙwarya. Ya daɗe yana kallon hannuna.

"Ɗana, da safe in ka bar nan, me kake tararwa a rumfar?"

Na ce, "Alheri, Baba."

"Ban tambaye ka addu'a ba. Me kake tararwa?"

Na sunkuyar da kai, na ce, "Tabarmi."

Ya tambaye ni abin da mai duba makarantu ya ce, na gaya masa. Ya tambayi abin da ya hana ni tarewa, na gaya masa. Sa'an nan ya ce shi ma ya taɓa kwanciya ciwo a wani gari a hanyar Gwanja, inda ba ya jin harshensu, wata tsohuwa ta yi jinyarsa har ya tashi, bai san sunanta ba har yau. Ya ce a ayari, madugu ba ya barin a tsaya hira da safe, domin sanyin safiya shi ne rabin tafiya. Shi ya san wannan fiye da kowa. Na fara sa rai.

"Amma ba zan ce maka kada ka gaishe ni ba," ya ce. "In na faɗi haka yau, gobe ɗan wane ya wuce ubansa a kan jaki, ya ce Falke ne ya halatta. Ban gaji wannan ba, ba kuwa zan bar wa na baya shi ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Baba."

"Sha furarka."

Na sha, na gama faci, na yi sallama. Da na isa gida na gaya wa iyalina ta fara haɗa 'yan kayanmu a hankali. Ta ce da wane ido za mu dubi mutanen gida, ga ciki, ga hanya, ga aiki babu? Muka yi Sallar Layya a baƙunci, maƙwabta suka aiko mana da nama har ya yi mana yawa, Saja ya kawo ƙafar rago ya ce in ci ko na yi nauyin da iska za ta daina kayar da ni.

Da aka koma makaranta, labari ya zo cewa mai duba makarantu ya kwana gidan mai gari, da safe zai leƙa rumfa. Saja ya ce, "Bakabe, yau ɗaya dai ka rufe ido ka wuce su. Gobe ka ba da haƙuri." Na ce a'a. Na riga na yanke cewa in za a kore ni, a kore ni ina mai ladabi.

Na fito bayan salla. Da na doshi masallaci na sassauta, na fara zare ƙafa daga feda. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattawan suna nan, ba wanda ya rage, amma an juya tabarmar. Dukansu sun fuskanci bangon masallaci, sun ba hanya baya, suna jan carbi. Na ɗauka wata addu'a ake yi. Na tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, ban san ko in yi sallama ko in jira ba. Sai wani daga cikinsu, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce wa na kusa da shi da ƙarfi, "Malam Isa, yau hanya shiru, ba mu ga kowa ba."

Na kusa da shi ya amsa, "Ko tsuntsu. Wanda kuwa ba mu gani ba, ai ba mu da abin riƙe shi da shi."

Na mai da ƙafa bisa feda.

A gindin tsamiya, masu tufka sun ɗaure igiyoyinsu a ɗaya gefen itacen, kowa ya duƙufa yana duban gabas, ƙeyoyinsu kaɗai nake gani. Ɗaya kafaɗunsa suna rawa, dariya yake dannewa. A ƙofar Baba Falke, tsohon yana zaune bisa buzu ya fuskanci katangar gidansa, bayansa a miƙe kamar sanda, yana duban ƙasar bango kamar wanda aka ba aikin ƙirga tubali. Daga baya na ji cewa a ranakun Sallah ya taka da ƙafarsa, da sandarsa, ya je masallaci ya je tsamiya, ya yi magana da su ɗaya bayan ɗaya. Na wuce shi ban taɓa ƙararrawa ba. Hanyar ta rikiɗe mini, sai da na sa hannun riga na share ido.

Na isa rumfa raɓa ba ta bushe ba. Na share allo, na shimfiɗa tabarmi, yara suka yi ta shigowa. Sa'ad da mai duba makarantu ya sunkuyo ya shigo, babu wurin da zai zauna. Ya tsaya a bakin zana yana sauraron su suna karanta baƙaƙe da wasula da murya ɗaya. Da aka tashi ya dubi keken da ke jingine, ya dube ni, ya ce, "Daga Wudil?" Na ce daga Wudil. Ya ce, "To, a ci gaba." Iyakar maganarsa ke nan.

Da la'asar na sauka a ƙofar Baba Falke, na warware riga, na tuɓe takalmi, na durƙusa. An mai da buzu yadda yake, yana fuskantar hanya. Muka gaisa tun daga kwana har ruwa, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Sa'an nan ya karkata kai ya dube ni da idonsa mai gani.

"Malam, yau ba ka je aiki ba ne? Tun asuba muke zaune, ba mu ga wucewarka ba."

Na ce, "Na je, Baba."

"Ikon Allah. Tsufa ke nan. To, zauna ka ba mu labari."

Haka suka yi mini kowace safiya ta makaranta har aka ɗauke ni daga ƙasar, shekaru bayan haka, lokacin ɗiyarmu da aka haifa a Wudil ta isa shiga aji. Ba wanda ya taɓa ambaton abin a gabana, ni ma ban taɓa yi musu godiya a kansa ba, domin godiyar za ta nuna an ga juna. Na yi aiki a garuruwa da yawa, na zauna da manya masu digiri, na riƙe muƙamai har na ajiye aiki da mutuncina, amma ban sake ganin mutanen da suka san yadda ake ɗaga wa baƙo ƙafa ba tare da an zubar da girman kowa ba kamar waɗannan tsofaffi. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

'Ya'yana sun san ranar da aka naɗa ni shugaban makaranta, sun san ranar da na yi ritaya. Waɗannan ko an manta da su ban damu ba. Wadda nake so a rubuta, a kuma karanta wa jikokina, ita ce wannan: Litinin ta farko bayan Sallar Layya, a daminar farko ta zamana a Wudil.